Guzurin Matafiyi: Jikinka Ma Amana Ne

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), 'yan uwa matasa, maganarmu ta yau a kan tafiya ƙasar waje ce, musamman ga masu niyyar Umra ko Hajji. Da yawanmu in an ce shiri, biza da kuɗin guzuri ne kawai ke zo mana a rai. To, jikin da zai yi tafiyar fa? Shi ma amana ne, kuma za a tambaye ka a kansa.

Na farko, rigakafi. Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau, sannan mai fitowa daga ƙasa irin tamu sai ya nuna ta shawara. A yi su aƙalla kwana 10 kafin tashi, don sai sannan suke kama jiki. Ta shawara kuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wasu sai su sayi katin ba tare da an yi masu allurar ba. Ɗan uwa, wannan ha'inci ne, kuma kanka ka cuta, don ciwo ba ya duba kati.

Na biyu, zafi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka shiga ba izini, ba su da tanti ba su da mota. Saurayi sai ya ce ai shi a rana ya tashi. A'a! Ka riƙe laima, ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. In fitsarinka ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci ke nan. In ka ga wani yana jiri ko sambatu, kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi likita nan take. In gudawa ce, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Na uku, kaya. Kada kunya ta sa ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko daga wa ya fito. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda jakar Tramadol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Safarar ƙwaya a can hukuncinta kisa ne. Ka ƙirga jakunkunanka, ka adana takardar awonsu. Maganin da kake sha kuwa, bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Na huɗu, cunkoso. Ba mu manta da Mina a 2015 ba, inda ɗaruruwa suka rasu, har da 'yan uwanmu na nan gida. In taro ya matse, kada ka sunkuya ɗaukar takalmi, kada ka juya ka tunkari jama'a. Ɗora hannuwanka a ƙirji, ka bi su a hankali kana neman gefe.

'Yan uwa, sakaci ba tawakkali ba ne. Ka yi naka, sannan ka bar wa Allah saura. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.