Lissafin Lokaci a Sararin Samaniya: Yadda Jiragen Yaƙi Ke Ratsa Filin Biki



Da yawa daga cikinmu mun taɓa kallon bikin ranar 'yancin kai, ko a filin Eagle da ke Abuja ko ta talabijin. Ana cikin buga taken ƙasa, sojoji sun ƙame, kafin a sauke kakaki sai ga jiragen yaƙi sun keto sama a jere, sun wuce bisa kan jama'a. Mutane kan yi tafi, su ce an yi dace. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne cewa wannan dacen da lissafi aka ƙulla shi, kuma rabin lissafin yana hannun waɗanda ke ƙasa, watau irinmu masu shirya taro.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun a watan Nuwamba na 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. An kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964, kuma a Kano take da makarantar da ta horar da matuƙa masu yawa da jirgin nan L-39. Saboda haka ilmin da za mu yi magana a kansa ana koyar da shi kusa da gida.

Matuƙi daga ƙarshe yake fara lissafinsa, ya komo farko. Abin da ake fara ba shi shi ne lokacin da ake so hancin jirginsa ya kasance bisa tsakiyar fili, da sa'a da minti har da sakan. Daga nan sai ya auna tafiyarsa da baya.

Bari mu yi misali da ƙasarmu. Mu ƙaddara ana biki a filin wasa na Ƙofar Mata a birnin Kano, an ce jirage su wuce da ƙarfe 10 daidai. Daga Rano zuwa Kano, in an bi ta sama a miƙe, kimanin kilomita 50 ne. Jirgin da ke gudun kilomita 600 a sa'a yana cin kilomita 10 a kowane minti, watau kusan nisan Kibiya da Rano. Ke nan tilas ya bar saman Rano da ƙarfe 10 saura minti 5. In ya makara da sakan 6 kacal, lokacin da ake jiransa yana can baya da kilomita guda.

To, jirgi ba ya iya tsayawa ya jira kamar mota a tasha. Don haka ake zaɓa masa wurin dako nesa da fili, inda zai yi ta zagaye. Ana son wurin da ido ke ganewa daga sama, alal misali duwatsun Rano ko ruwan madatsar Tiga. Zagaye guda kan ci minti 3 ko 4, saboda haka jagoran jerin yakan tsawaita ko ya gajarta zagayen ƙarshe, don lokacin fita ya same shi yana fuskantar birni. A kan hanya kuma akwai alamun da aka sa wa lokaci, kamar gada ko mararraba. In ya iso alama da wuri sai ya sassauta, in ya makara ya ƙara wuta.

Sa'an nan ga iska. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan tari mai tafiya Kano daga kudu. In ta rage masa kilomita 60 a sa'a, tafiyar minti 5 za ta koma minti 5 da sakan 33, kuma hazo na iya ɓoye alamun da ya dogara a kansu. Na'urorin tauraron ɗan'adam sun sauƙaƙa wannan aiki a yanzu, amma har yau ana koya wa matuƙi taswira da agogo.

A cikin jeri, jagora kaɗai ke duban agogo. Sauran idonsu na kan fiffikensa, kamar mahaya a jahin hawan salla, waɗanda ke sakin linzami tare su kuma ja shi tare a gaban Sarki. Shi ya sa jagora ba ya ƙara gudu ko rage shi farat ɗaya. In kuwa akwai jirage masu saukar ungulu a bikin, su ake fara saki domin ba su da sauri, masu gudu su biyo baya, kowane rukuni da tsayinsa da tazararsa.

Yanzu sai mu sauko ƙasa. A filin biki akwai wani hafsa riƙe da rediyo da agogo. Tun a ranakun gwaji ya riga ya auna tsawon taken ƙasa yadda 'yan badujala ke buga shi, domin wata ƙungiyar na jan kiɗa, wata na gaggawa. Da aka sauya takenmu a 1978, aka kuma komo da na farko a 2024, tsawonsa ya sauya, awon ma dole a sake shi. A Amurka, inda jirage kan wuce a ƙarshen taken ƙasa a manyan wasanni, mawaƙin da ya ja murya fiye da yadda ya yi a gwaji yakan sa hafsan nan ya yi ta aika gyara sama. Shi ne ke cewa a fito ko a dakata. Amma da zarar jirage sun kama hanya, 'yan sakan kaɗan za su iya gyarawa.

Kada mu ɗauki abin wasa. Ran 28 ga Satumba, 2018, ana gwajin bikin cikar Nijeriya shekara 58, jirage 2 ƙirar F-7 suka gogi juna a saman Abuja suka faɗi wajen dutsen Katampe. Matuƙan sun yi tsalle da lema, amma ɗayansu, Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah ya jiƙansa. Sakan 10 ɗin da muke tafawa, da irin wannan kasada ake shirya su.

'Yan'uwa, mun san halin tarurrukanmu. A rubuta ƙarfe 10, babban baƙo ya iso da azahar, mai jawabin minti 5 ya ci rabin sa'a. Jama'a na haƙuri a ƙarƙashin rumfa, amma tankin jirgi ba ya haƙuri. Kowane zagaye na dako mai ne ke ƙonewa, kuɗin talakawa ne, kuma akwai ma'aunin da in man ya kai, dole matuƙi ya juya gida ko da taken bai fara ba.

Gobe wasunmu ne za su zama sakatarori da jami'an tsare-tsare a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ma'aikatun jiha. Shawararmu guda uku ce, daga matuƙa muka aro su: mu tsayar da lokacin ƙarewa mu yi lissafi da baya, mu gwada kowane jawabi da agogo kafin ranar taro, mu kuma ba mutum ɗaya ikon cewa lokaci ya yi, kowa ya bi, babba da yaro. An ce da sanyin safiya ake kama fara.

 Allah ya ba mu ikon cika alkawari.