Ƙura ta lafa a Kano: abin da baƙo zai kula da shi

Jawabin da wani dattijon ɗan kasuwa ya yi wa fatake da ma'aikata a garin Kwaya



Mu mutanen ƙasar Magariya da Dungas, Kano ta fi mana Yamai kusa. Riɗinmu da wakenmu Dawanau suke zuwa, tufafin sallarmu daga Kantin Kwari suke fitowa, canjinmu a Wapa muke yi. Saboda haka in Kano ta hargitse, mu ma abin ya shafe mu. Maganata a yau guda ce: ranar tarzoma kowa ya san ya ɓuya, amma baƙo ya fi faɗawa hannu a kwanakin da ke biye, sa'ad da aka buɗe kasuwa alhali hukuma ba ta huce ba.

Ku tuna da ranar 1 ga Agusta 2024. An fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka fasa wurare aka wawashe kaya, gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar hana fita dare da rana, daga baya aka riƙa sassauta ta. Kame kuwa ya ci gaba. An kama ƴan ƙasar Folan 7, ɗalibai da malaminsu, bisa zargin ɗaga tutar Rasha. Hukumomin ƙasarsu suka musanta, duk da haka sai da suka yi kimanin mako 3 kafin a sake su. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a kotun tarayya ta Abuja, cikinsu har da yara, wasu suka faɗi sumammu bayan wata 3 a tsare. Sai da aka yi ca kana shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. To, in ɗan gida da mai jakada tsaye a kansa sun ga haka, ina ga manomin Kwaya da ya je da buhu goma?

Ga abin da nake roƙonku.

Na farko, kada ka ɗaura kaya sai ka ji daga bakin mai masaukinka. Rediyo zai ce maka gari lafiya. Mai masauki ne zai gaya maka wace unguwa ce lafiya, da ƙarfe nawa dokar hana fita ke farawa. Ka lissafa tafiyarka, ko ta Babban Mutum ko ta Maigatari, yadda za ka shiga gari da sauran rana. Wanda lokaci ya cim masa a tasha ya kwana nan.

Na biyu, takardu. Zumunci ya sa mun saba ƙetare iyaka da sallama kawai. An rufe iyakar nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga CEDEAO, ko da yake ƙungiyar ta ce a lokacin a ci gaba da karɓar takardunmu. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa da takardun kayanka, ka bar kwafinsu a gida, ka san inda ƙaramin ofishin jakadancin Nijar yake a Kano. Ma'aikaci kuma kada ya tashi ba da iznin shugabansa a rubuce ba, domin a san inda za a neme shi.

Na uku, waya da harshe. Tutar Rasha da aka yi ta ɗagawa a titunan Yamai a 2023, babban hafsan tsaron Najeriya ya kira ɗaga ta cin amanar ƙasa a 2024. Hoton da ke wasa a nan yana iya zama shaida a can. Kada ka ɗauki hoton soja ko ginin da aka ƙona. In an jawo gardamar siyasa a mota, ka ce kasuwa ka zo.

Na huɗu, kayan arha. Bayan wawaso, shinkafa da mai da kujeru sukan fito da farashin da ke kwaɗaitar da mutum, kuma ƴan sanda na bin sawunsu. Kayan da ba su da rasit, ka bar wa mai su.

Na ƙarshe, ku duba kalanda. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum fiye da 800 da aka kashe cikin kwana 3 a jihohin arewa 12. Makon faɗin sakamakon zaɓe ba makon fatauci ba ne. Kuma kada ku tura yaro shi kaɗai da kuɗin kaya a irin wannan lokaci.

Ba cewa nake ku ƙaurace wa Kano ba. Kakanninmu sun bi hanyar nan da jakuna, mu ma ba za mu daina ba. Sai dai jinkirin mako guda bai taɓa karya jari ba, ɗaurin wata uku kuwa yana karya gida. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai ku lafiya, ya komo mana da ku lafiya.