Ado Ko Daɗin Wasa: Me Ke Fid da Wasan Bidiyo Daga Cikin Tsara?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali a ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da ilimi da iya magana. Na lura wasu daga cikin malamanmu sun yi murmushi da aka ambaci batun da zan yi magana a kai, domin ba su manta ba ni ne yaron da aka kama a aji huɗu yana buga wasan maciji a wayar Nokia a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasin lissafi. Wayar ta yayana ce, ta yi sati biyu a durowar ofishin malamai, ni kuma na yanke ciyawar bayan ɗakin gwaji. Yau ga shi an miƙa mini lasifika in yi bayani kan abin da aka hore ni dominsa. Duniya juyi-juyi!

Jama'a, kun tuna a taron bara mun yanke shawarar cewa gudummawarmu ta bana ɗakin kwamfuta za ta tafi, aka kuma naɗa mu mu uku mu duba yadda za a kashe kuɗin. Da muka zo makaranta sai muka tarar yaran kulob ɗin kwamfuta sun ƙirƙiri wani ɗan wasan bidiyo nasu na kansu. Sun rubuto mana takarda suna roƙon a saya musu manyan kwamfutoci guda biyu masu ƙarfi, wai wasansu ba shi da kyan gani, kuma ba wanda zai kula shi sai hotunansa sun yi kama da na wasannin ƙasashen waje. Kuɗin waɗannan biyun kuwa zai sayi matsakaita guda goma. Bayan cin abinci za mu kaɗa ƙuri'a kan wannan magana, shi ya sa nake so mu duba tambayar da ke ƙarƙashinta: shin dole ne wasan bidiyo ya zo da salon zane na musamman kafin ya yi fice? Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da rubuta takardu, amma na buga wasannin nan tun ina yaro, na kuma bi tarihinsu gwargwadon hali.

Mu fara da Tetris, wasan da da wuya a sami wanda bai taɓa ganinsa ba a cikinmu. Wani injiniya mai suna Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet, a kan wata kwamfuta da ake kira Electronika 60. Wannan na'ura ba ta iya nuna hoto sam, sai haruffa da alamomin rubutu, don haka da alamomin baka ya zana tubalan wasan. Siffofi bakwai ne kacal, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama, kai kuma kana jera su. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a ƙaramar na'urarsa ta hannu Game Boy, wadda allonta bai wuce inuwar launi huɗu ba, aka sayar da miliyoyi. Haka wasan macijin da ya jawo mini yankan ciyawa: ya fara fitowa a wayoyin Nokia a 1997, kuma ba kome ba ne illa baƙin layi da ke ƙara tsawo in ya haɗiye ɗigo. Duk wanda ya ce sai da ado wasa ke karɓuwa, waɗannan biyun sun ishe shi amsa.

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci. A duba Mario, ɗan gajeren mutumin nan mai jar hula da gashin baki. Ya fara bayyana a wasan Donkey Kong a 1981, kuma Shigeru Miyamoto wanda ya zana shi ya sha bayyana dalilin kamanninsa. Na'urorin lokacin 'yan ɗigo kaɗan suke ba mai zane ya yi mutum da su. Zana baki ya yi wuya, sai ya sa masa gashin baki. Motsa suma in ya yi tsalle ya yi wuya, sai ya rufe kan da hula. Ya kuma sa masa wando mai maratayi wanda launinsa ya bambanta da na riga, domin a riƙa ganin motsin hannuwansa in yana gudu. Rashi ne ya haifi wannan kama, ga shi yau fiye da shekara 40 yaro na ganin hular nan ya san ko wane ne.

Wannan ya kawo mu ga aikin farko da zane ke yi a cikin wasa, wato ya sa mai wasa ya gane abin da ke gabansa cikin ƙiftawar ido. Dattawanmu masu dara sun san haka tun kafin a yi kwamfuta. Ana tona gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, amma in ɗaya ya ɗauki tsinke, ɗayan sai ya ɗauki tsakuwa. Ba don ƙawa suke yi ba, don kowa ya bambance nasa da na abokin karawarsa ne. Da duka tsakuwa suka ɗauka, da rigima ce za ta tashi wasan.

Aiki na biyu na zane shi ne talla, kuma a nan ne ƙannenmu suke da gaskiya a wani ɓangare. Zamanin Tetris kasuwa ba ta cika ba. A 2024 kaɗai, sababbin wasanni fiye da 18,000 aka fitar a Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, wato kusan 50 kowace rana. Mai saye ba ya iya gwada ko kashi ɗaya cikin ɗari, hoto yake gani ya wuce. Kamar rumfar 'yan atamfa ce: wadda ta ja ido ita ake fara ɗagawa a duba.

Akwai waɗanda suka ci wannan kasuwa da salon zanensu. Wasu 'yan'uwa biyu a Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, sun fitar da wasan Cuphead a 2017. Da hannu aka zana motsin kowane abu a kan takarda, irin yadda ake yin katun na Amurka a shekarun 1930, aka kuma yi bango da fentin ruwa. Aikin ya ci shekaru, har sai da suka jinginar da gidajensu, amma cikin mako biyu da fitowarsa an sayi fiye da miliyan ɗaya. Sai kuma Minecraft, wanda Markus Persson ya fara a Suwidin a 2009. Kome a cikinsa tubali ne mai kusurwa huɗu, daga ƙasa har tumaki har rana, kuma da farko mutane da yawa sun raina kamanninsa. Sai dai tubalan nan su ne wasan kansa, domin su ake haƙa, su ake gini da su. A 2014 Microsoft ya sayi kamfanin da ya yi shi a kan dala biliyan 2.5, kuma a 2023 aka sanar cewa an sayar da fiye da miliyan 300. Ku lura, wanda aka wahala wajen zanensa da wanda aka yi da tubali duk abu ɗaya suka haɗa: da ka ga hotonsu ba ka rikita su da wani.

Duk da haka, salo ba lamuni ba ne. A 2006 wani reshe na kamfanin Capcom mai suna Clover ya fitar da wasan Okami, wanda aka yi da salon zanen tawada na gargajiyar Japan, har mai wasa kan tsayar da wasan ya ja layi da alƙalamin gashi domin ya sare abokin gaba ko ya gyara karyayyar gada. Masana sun yaba, an ba shi lambobin yabo, amma ciniki bai yi ba a lokacin, kuma cikin 'yan watanni aka sanar da rufe Clover. Abin da salon ya yi masa shi ne ya hana a manta da shi. An yi ta sake fitar da shi a sababbin na'urori, har a ƙarshen 2024 aka sanar da shirin yin na biyu.

Wani zai ce, ai wasannin ƙwallon da muka ƙarar da kuɗin tara a kansu a gidajen gem, irin su Winning Eleven da FIFA, ba su da wani salo sai kwaikwayon zahiri, amma sun fi kowa kasuwa a wurinmu. Gaskiya ne. Sai dai wannan hanya ta masu hannu da shuni ce. Ɗaruruwan ma'aikata ke yin irin waɗannan wasanni, ana kuma biyan maƙudan kuɗi don a sami izinin sa sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyi. Bugu da ƙari, kwaikwayon zahiri na saurin tsufa. Wanda ya koma ya kunna na zamaninmu yau zai yi dariyar fuskokin da a da muke rantsuwa kamar a talabijin, alhali Tetris yana nan yadda yake. Ko kwamfuta ashirin masu ƙarfi muka saya, yaranmu ba za su kamo waɗancan kamfanoni a wannan tsere ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da na gani a wasan ƙannenmu. Wani yaro mai ruwa ne ke tura kura cike da jarkoki a cikin lungu, yana kauce wa awaki da babura da kwata, in ya yi karo ruwan ya ragu, in ya kai gida da saura a biya shi. Na zauna da niyyar minti biyar, ban tashi ba sai da aka kira ni sau uku. Ke nan daɗin wasa, wanda shi ne mai wuyar samu, sun riga sun same shi. Matsalar ita ce hotunan kyauta suka kwaso daga intanet: gidajen masu rufin ƙanƙara ne, mai ruwan sanye da sulke kamar mayaƙin Turawa, akuyar kuma launinta ɗaya da bango, sai ka buge ta kafin ka gan ta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maƙwabtanmu sun nuna akwai wata hanya. A Yawunde ta ƙasar Kamaru, wani ƙaramin kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016, wanda aka ɗauko tufafinsa da labarinsa daga al'adun Afirka, kuma wannan ne ya sa kafofin labarai na duniya suka waiwaye shi. Mu ma ba mu rasa abin ɗauka ba: ga zanen dagi da zankwaye a gine-ginenmu, ga aikin aska takwas a wuyan riga, ga shuɗin baba na karofi, ga zanen ƙwarya da na jikin manyan motoci. Duk waɗannan layi ne da launi ƙwarara, irin waɗanda ƙaramar kwamfuta ke nunawa ba tare da wahala ba. Manhajar yin wasa ma akwai ta kyauta, irin su Godot, wadda ke aiki a matsakaiciyar na'ura.

A taƙaice, amsata ga tambayarmu ita ce: wasa na iya rayuwa ba tare da ado ba, amma a cikin cunkoson yau ƙaramin mai ƙirƙira na bukatar kamar da za a san shi da ita, kuma wannan kama ido da hannu ke samar da ita kafin na'ura. Saboda haka shawarata ga wannan taro uku ce. Mu sayi kwamfutoci goma, domin yara goma su zauna a lokaci ɗaya maimakon biyu. Mu ware ɗan abin da ya rage a sayi takardun zane da fenti, a kuma roƙi malamin zane ya riƙa zama da 'yan kulob ɗin sau ɗaya a mako. Na uku, mu ba su wa'adi zuwa taron baɗi su kawo mana mai ruwan nan da kamarsa ta gida, mu buga a ɗakin nan mu gani.

Ƙannena, na san ba abin da kuka roƙa ke nan ba, kuma kuna da damar ku tashi ku kare takardarku kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina fatan za ku yi hakan ba tare da jin nauyinmu ba.

Daga ƙarshe, ina ƙara godiya ga malamanmu, musamman wanda ya ƙwace wayar nan, domin da bai yi haka ba da ban ci lissafi ba, da kuma ban iya lissafa muku kuɗin kwamfuta yau ba. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ƙara wa makarantarmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.