Jawabi a Kan Amosanin Jini da Jinin Jariri

Akwai wani abu da iyaye mata suka daɗe da lura da shi a ƙasashen nan tun likitoci ba su san dalilinsa ba. A kan haifi yaro lafiyayye, a yi suna, a yi arba'in, yana ta ƙiba. Sai ya kai wajen wata shida, ko ya ɗan gota, sa'an nan bayan hannuwansa da na ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta kuka ba dare ba rana, idanunsa su yi ɗorawa. Da yake an ga lafiyarsa da fari, sai a ce wani abu ne ya same shi daga baya. Waɗansu su ce kambun baka, waɗansu su ce iska, waɗansu su ce nonon uwa ne ya ɓaci. Hakimai da alƙalai sun san irin ƙararrakin da kan taso daga nan: an zargi wata tsohuwa da maita, ko an saki mace domin an ce wabi ce. Sau da yawa kuwa abin da ke damun yaron nan shi ne amosanin jini, wanda a asibiti a ke kira sikila.

A shekarar 1910 wani likita a Cikago ta Amurka, James Herrick, ya ba da rahoton wani ɗalibi da aka duba jininsa da madubin likita, aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kewayayyu. Daga sunan lauje a Turance aka sami kalmar sikila. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna aibin yana cikin hemogulobin, watau furotin ɗin da ke cikin jar ƙwaya, mai ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Hemogulobin kamar carbi huɗu ne a haɗe, biyu iri ɗaya, biyu wani iri. A 1957, a Kambirij ta Ingila, Vernon Ingram ya gano cewa a cikin carbin da a ke kira beta, mai ƙwaya 146, ƙwaya ta shida kaɗai ce ta sauya. Wannan sauyi guda shi ke sa hemogulobin ya manne wa juna ya sandare idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashi da kumburin saifa da ƙarancin jini duk daga nan su ke.

To, tun da yake gado ne, yaro kuwa da shi aka yi cikinsa, me ya sa ya kan yi wata shida bai nuna ba? Wata likitar yara a birnin Niyok, Janet Watson, ta fara ba da amsa a 1948. Ta lura jinin jariran da suka gaji cutar ba ya lanƙwashewa kamar na iyayensu, ta ce dalili shi ne hemogulobin na jariri dabam ya ke da na babba. Bincike ya tabbatar da maganarta.

Magatakarda za su fi kowa saurin fahimtar yadda abin ya ke. A cikin kusan ko wace ƙwayar jikin mutum akwai littafin gado guda, mai kundi 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. A ciki akwai babi wajen 20,000, su ne a ke kira ƙwayoyin gado, ko wane babi kuwa umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafe babinsa a takardar saƙo, a aika wa maƙera. Littafin da ke cikin hanta shi ne a cikin ɓargo, shi ne a cikin ƙwaƙwalwa. Bambancinsu yana wurin wane babi aka buɗe, da takarda nawa aka kwafa daga gare shi. François Jacob da Jacques Monod, a Faris, su ne suka bayyana a 1961 cewa akwai furotin waɗanda aikinsu ke nan, su buɗe babi ko su rufe. Tun daga sa'an nan masana suka koyi ƙidaya takardun saƙon da ke fitowa daga ko wane babi, da auna yawan furotin da aka ƙera, domin sanin abin da ke rubuce bai isa ba sai an san abin da a ke karantawa.

A kundi na 11 akwai babin beta, kusa da shi kuma akwai wani mai suna gama. Ɗan tayi da gama ya ke aiki, gama kuwa ba shi da wannan aibi. Ran da aka haifi yaro, kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hemogulobin ɗinsa na jariri ne. Daga nan sai jiki ya riƙa rufe babin gama yana buɗe na beta a hankali, har ya zama a jikin babba lafiyayye na jaririn bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yayin da na jaririn ya ja baya, na lauje ya yi yawa, a sa'an nan cuta ke bayyana. Ba wanda ya jefi yaron a wata na shida. Garkuwar da aka haife shi da ita ce ta janye.

Amma ba kowa ne babin gamansa ke rufuwa ruf ba, a nan kuwa ya kamata a dakata. Yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu masu sikila, ɗaya ya kwanta asibiti sau da yawa a shekara, ɗaya kuwa ya yi karatu ya yi aure ba a cika jin ciwonsa ba. Babban abin da ya raba su, a galibi, shi ne yawan hemogulobin na jariri da ya rage a jininsu, domin shi ya kan shiga tsakani ya hana na lauje mannewa. A gabashin ƙasar Saudiyya, wajen Ƙaɗif da Ahsa, akwai masu sikila da yawa waɗanda jinin jariri mai yawa ya rage a jikinsu, cutar kuwa ta kan zo musu da sauƙi, musamman a ƙuruciya. Irin da ya fi yawa a Nijeriya ba shi da wannan rangwame sosai.

Sai a 2007 da 2008 aka gano mai rufe ƙofar. Masana a Landan da tsibirin Sadiniya ta Italiya suka gwada littafin gado na mutane masu yawa da ma'aunin jinin jariri da ke jikinsu, suka ga wani babi a kundi na 2, mai suna BCL11A, yana tafiya tare da wannan ma'auni. Stuart Orkin da Vijay Sankaran a Boston suka nuna furotin ɗin da a ke ƙerawa daga wannan babi shi ne ke rufe gama. In aka rage shi, gama ya sake buɗewa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da wani magani mai suna Casgevy, inda a ke ɗebo ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a gyara wurin da ke tayar da BCL11A, a mayar masa. Ba a taɓa babin da ke da aibin ba ko kaɗan, tsohon babin jarirai kawai aka sake buɗewa. Sai dai kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, saboda haka ba shi ne zancen ƙauyukan nan ba tukuna.

Wanda ya shafe su shi ne wata ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya, wadda ita ma ta kan ƙara jinin jariri. A gwajin da aka bayyana a Amurka a 1995, da manya 299, ta rage tashin ciwo kusan da rabi. A 2019 aka ba da sakamakon gwajinta ga yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu. A Kano da Kaduna ma an yi irin wannan aiki, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda aka riƙa auna gudun jini a jijiyoyin kan yara da na'ura, a tsamo waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a sa su a kan maganin. An ga ko ƙaramin awo ya kan kare su. Lalle ne a ja kunnen jama'a cewa ba magani ne na saye a kasuwa ba. Da nauyin yaro a ke auna shi, kuma sai likita yana duba jininsa lokaci lokaci, gama idan ya yi yawa ya kan danne ɓargo.

Nauyin abin a ƙasar nan ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai masu sikila wajen 150,000 ko wace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon, watau AS. Dalilin yawansu, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, shi ne mai rabin gado ya fi tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro a ƙuruciya. A binciken da aka yi a ƙasar Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa, cikin shekarun 1970, an sami wajen jariri biyu cikin ɗari da cikakkiyar cutar, amma a cikin manya da ƙyar aka sami mai ita. Sauran sun rasu suna ƙanana, ba a ma san sunan abin da ya ɗauke su ba.

Idan miji AS ne, mata AS ce, ko wane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Ko wane ciki da nasa lissafi, na fari ba ya ɗauke wa na biyu. Rabi daga uba ne, rabi daga uwa, don haka sakin mace a kan wannan ba shi da hujja. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan gado, limamai da masu unguwanni kuwa su ne ke wurin ɗaurin aure.

Watannin nan shida na farko kuma jinkiri ne da ya kamata a mora. In an san iyaye duka AS ne, ko an taɓa rasa yaro a gidan da irin alamun da aka ambata, dagaci ya sa a kai jariri a gwada jininsa yana da lafiyarsa, kada a jira kumburi. Wanda aka gano da wuri a kan fara ba shi fenisilin da allurar rigakafi da maganin kare zazzaɓi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a koya wa uwarsa yadda za ta taɓa cikinsa ta gane kumburin saifa, ta yawaita ba shi ruwa, ta lulluɓe shi da kyau in hunturu ya kama. Malamin da ke rubuta haihuwa a ofishin hakimi yana iya tambayar uban yaro ko an yi gwajin, ya rubuta amsar kusa da sunan jaririn.