BINIAM GIRMAY: ƊAN KAFINTAN ASMARA DA YA CI KORIYAR RIGA A FARANSA



Kwamitin shirye-shirye ya nemi mu yi magana a kan matasa da wasanni. Da muka zauna muka duba, sai muka ga in muka kama zancen ƙwallon ƙafa, mafi yawanku kun fi mu saninsa. Saboda haka muka zaɓi keke, abin hawan da malamai irinmu suka daɗe suna zuwa makaranta a kai, wanda a yau da yawa daga cikin 'ya'yanmu na birni suke ganin hawansa alamar rashi ce. Za mu kawo muku tarihin wani yaro ɗan ƙasar Iritiriya mai suna Biniam Girmay, wanda keke ya kai shi gaban manyan duniya.

An haifi Biniam ranar 2 ga Afrilu, 2000 a Asmara, babban birnin Iritiriya. Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mu tsaya a kan garin, domin rabin labarin yana can. Italiyawa ne suka mulki ƙasar daga 1890 zuwa 1941, su ne kuma suka kawo keke da al'adar tsere da shi. Tun 1946 aka fara gasar zagaye ƙasar a kan keke. Turawan sun tafi, ƙasar ta shiga hannun Habasha, aka yi yaƙin shekara 30 kafin ta tsaya da ƙafarta a 1993, amma duk wannan bai kashe tseren keke ba. Ana rufe tituna a Asmara domin tsere, akwai ƙungiyoyin mahaya, akwai rukunin yara da na matasa da na manya, jama'a kuma kan yi cincirindo a bakin hanya suna kallo. Bugu da ƙari, birnin yana bisa tsauni, fiye da mita 2,300 sama da teku. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, don haka jinin wanda ya tashi a can yakan saba da aiki da ɗan abin da ya samu. In ya sauko ƙasa, numfashinsa ya fi na abokan karawarsa nisa.

Mahaifinsa kafinta ne mai son kallon tseren keke a talabijin, kuma yakan zaunar da 'ya'yansa su kalla tare da shi. Shi yaron da fari ƙwallo ya fi so, kamar sauran yara. Yana ɗan shekara 12 zuwa 13 ya fara shiga tseren yara. A 2015, lokacin yana da shekara 15, wasu 'yan ƙasarsa biyu, Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus, suka shiga babbar gasar zagaye Faransa da ake kira Tour de France, har Teklehaimanot ya sanya rigar gwanin hawan tudu na 'yan kwanaki. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san nauyin wannan. Yaro ba ya burin abin da bai taɓa gani ba, kuma ganin ɗan garinsu ya yi abu ya fi masa nasihar malami goma.

A 2018 aka yi gasar Afirka a Kigali ta ƙasar Ruwanda, inda Biniam ya kwashe lambobin zinariya 3 a rukunin matasa. A shekarar ce ya tafi cibiyar horarwa ta hukumar tseren keke ta duniya da ke garin Aigle a Suwizalan, wadda aka kafa domin yaran ƙasashen da ba su da kayan aiki. Ku dubi yaro ɗan shekara 18, ba uwa ba uba, cikin sanyin da bai saba da shi ba, da abincin da ba nasa ba. Duk da haka, a wani tseren matasa a Beljiyam ya kayar da Remco Evenepoel a zango guda, alhali a shekarar nan da wuya a sami wanda ya sha gaban wannan yaron Bature. A Janairun 2019 ya ci zango na 3 a gasar ƙasar Gabon, ya bar tsohon gwani André Greipel na Jamus a baya. Shi ne mutum na farko cikin waɗanda aka haifa daga 2000 da ya ci tsere a tsakanin ƙwararru. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

A nan bari mu ɗan yi bayanin yadda sana'ar take, domin wanda bai sani ba zai zaci kowa na taka fedarsa ne kawai. Babban abokin gaban mahayi iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa suke tafiya a dunƙule kamar ayarin fatake. A gasar Faransa kowace ƙungiya tana zuwa da mutum 8, kuma galibinsu ba don su ci suka zo ba. Wani aikinsa tare wa ɗan'uwansa iska, wani ya koma wajen motar ƙungiya ya ɗauko ruwa, wani kuma in tayar jagoransu ta yi faci ya ba shi tasa. Irin su Biniam ana tattalin ƙarfinsu tsawon kilomita 200, sai saura mita 200 ko 300 a sake su, su fizgi keke da gudun da kan kai kilomita 70 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Sunan mutum ɗaya ake rubutawa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya shiga sahun ƙwararru a 2020 da wata ƙungiyar Faransa mai suna Delko, wadda rashin kuɗi ya durƙusar da ita a 2021. Sai ƙungiyar Intermarché ta Beljiyam ta ɗauke shi a watan Agustan wannan shekara. Wata guda bayan haka ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya hau dandamalin karɓar lamba a gasar duniya ta tseren titi.

Ranar 27 ga Maris, 2022 ya ci tseren Gent-Wevelgem, tafiyar yini guda ta kusan kilomita 250 a kan hanyoyin da wasu wurare da duwatsu aka shimfiɗa su. Su huɗu suka tsere wa ayari, shi ne ƙaraminsu, kuma shi ya fara zabura tun da sauran nisa, suka kasa kamo shi. Mako guda bayan nan akwai tseren da ya fi wannan daraja a Beljiyam, kowa na jiran ganinsa, amma ya ce a'a, wata uku ke nan bai ga matarsa da 'yarsa ba, ya hau jirgi ya koma Asmara. Wasu masu sharhi sun ga wauta ce. Mu kam ba mu ga haka ba, kuma muna jin da yawa daga cikinku da ke neman abinci nesa da gida kun fahimce shi.

Ya dawo a watan Mayu ya shiga gasar zagaye Italiya, ya ci zango na 10 a garin Jesi bayan ya yi kankankan da Mathieu van der Poel, ɗaya daga cikin gwanayen zamanin. To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A kan dandamali, ya sunkuya zai buɗe ƙatuwar kwalbar nan mai kumfa da suka saba bai wa wanda ya ci, sai toshiyar ta yi tsalle ta buge shi a idon hagu. Daga wurin biki sai asibiti, kuma washegari bai iya ci gaba da gasar ba. A 2023 ya yi mummunar faɗuwa a Beljiyam har kansa ya bugu. A Mayun 2024 ya sake faɗuwa a zango na 4 na gasar Italiya, ya fita. Masu surutu suka fara cewa tauraronsa ya dusashe tun bai gama fitowa ba.

Gasar Faransa zango 21 ce cikin mako uku, tafiyar kusan kilomita 3,500, kuma ta 2024 daga Italiya ta tashi. Ranar 1 ga Yuli, a zango na 3 wanda shi ne mafi tsawo, sama da kilomita 230 zuwa birnin Turin, Biniam ya kutsa ta gefen shinge ya riga kowa. Kafinsa Turawan Afirka ta Kudu biyu sun taɓa cin zango, Robert Hunter a 2007 da Daryl Impey a 2019, amma tun da aka fara gasar a 1903 babu baƙar fata ɗan Afirka da ya taɓa yi. Ya ƙara da zango na 8 da na 12. A na 16 ya faɗi daf da ƙarshe, ya ji ciwo a gwiwa da hannu, abokan ƙungiyarsa suka rako shi har layi. Koriyar riga ba ta mai nasarar rana ɗaya ba ce. Ta wanda ya fi tara maki ce a tsawon gasar, kuma sai ya haye dukan tsaunuka cikin ƙayyadadden lokaci ya kai ƙarshe, in ba haka ba makinsa ya bi ruwa. Da raunin nan ya haye su. Ranar 21 ga Yuli a birnin Nice aka sanya masa ita, yana da maki 387, Jasper Philipsen na Beljiyam na bin sa da 354.

Akwai wani abu da bai kamata murna ta rufe mana ido a kansa ba. A cikin mahaya 176 da suka tashi a gasar, shi kaɗai ne baƙar fata. Ba ƙarfi yaran Afirka suka rasa ba. Keken tsere na ƙwararru ya fi ƙaramar mota ta hannu tsada, manyan gasanni galibinsu a Turai ake yin su, ga kuma biza da kan ba yaro kwana 90 kacal, alhali kakar tsere ta fi wata takwas. Yaron Beljiyam yakan shiga tsere a bayan gidansu kowane mako, na Asmara kuwa sai ya bi layin ofishin jakadanci.

A 2025 Biniam bai ci tsere ko ɗaya ba, ko da yake ya zo na biyu a zangon farko na gasar Faransa a birnin Lille. A watan Satumbar shekarar aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a nahiyar Afirka, a kan hanya mai yawan tudu wadda ba ta dace da mai irin gudunsa ba. Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya ci. Daga cikin mahaya fiye da 160 da suka tashi, 30 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier, shi ma ɗan Iritiriya, wanda ya shigo na 30.