Yaronmu Yana Aiki a Banki, Amma Ma'aikacin Wa Ne?

Jawabin da na gabatar a zaman 'yan uwa na Gaya da Ajingi

 

Yau maganar banki zan yi. Na san wani zai ce, Malam, mu da damuwarmu taki da hanya, ina ruwanmu da banki? To, da ruwanmu. Daga Kademi zuwa Shagogo, daga Balare zuwa Toranke, akwai gidajen da aka sayar da hatsi da awaki aka kai yaro jami'a, ya gama, aka ce ya samu aiki a banki a Kano ko Abuja. Ranar nan sai da aka yi guɗa. Daga nan kuɗin taki nasa ne, kuɗin makarantar ƙanne nasa ne, asibitin Inna nasa ne. Ranar da aka sallame shi, gida guda ne ya shiga wani hali.

Dattawan da ke nan sun san Bank of the North, bankinmu na Arewa, mai hedikwata a Kano. A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 daga biliyan 2. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankuna irin su Intercontinental da Oceanic, daga baya Access ya haɗiye na farko, Ecobank ya haɗiye na biyu. Ni ban ce gyaran bai dace ba, kuɗin ajiyar talaka aka ceta. Amma idan bankuna biyu suka zama ɗaya, reshe biyu a titi ɗaya sai a rufe ɗaya, manaja biyu sai ɗaya ya tafi, masu ƙirga kuɗi a kanta kuwa ba a ma lissafa su.

A 2016 korar ta yi yawa har ministan ƙwadago, Chris Ngige, ya fito ya ce bankuna su dakata. A 2020, lokacin korona, aka ji shugaban Access na wancan lokaci, marigayi Herbert Wigwe, yana faɗa wa ma'aikata cewa za a rage masu yawa daga cikin waɗanda aka ɗauko ta hannun kamfanonin kwantiragi. Sai da Babban Banki ya shiga tsakani aka ce a tsaya.

Ku riƙe wannan kalma, kwantiragi, don nan ne gizo ke saƙar. Yaron da kuke gani da kwat da lakataye, yana zaune a kanta ko yana yawon kasuwa yana roƙon 'yan kasuwa su buɗe asusu, sau da yawa a takarda ba ma'aikacin bankin ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke shi ya ba banki haya. Ƙididdigar hukumar NBS ta ƙarshen 2020 ta nuna wajen kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan bankuna irin waɗannan ne. Aiki iri ɗaya yake yi da na kusa da shi, albashi kuwa ko kusa. Ana ɗora masa adadin miliyoyin da zai jawo a wata, in ya kasa sai a fara yi masa kallon kaya. Dokar ƙwadago ta ce kafin a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a zauna a kan haƙƙin sallama. Shi kuwa banki bai ma kore shi ba, kamfanin kawai aka ce wa ba a buƙatarsa.

Akwai ɗan ƙanwata da ya shekara shida a wani banki a haka. Ranar wata Juma'a ya je aiki, kwamfuta ta ƙi buɗe masa. Da haka ya san an gama da shi. Yanzu POS yake yi a bakin tasha, kuma wallahi ya fi samun barci, sai dai fansho babu, asibiti babu.

Me ya sa na ɗauko maganar yanzu? A watan Maris na 2024 Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya sake ɗaga jari: biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, wa'adi 31 ga Maris 2026. A watan Yuni na 2024 aka ƙwace lasisin Heritage Bank. A watan Agusta aka amince Unity, magajin Bank of the North, ya haɗe da Providus. Mun ga irin wannan guguwa a baya, mun san wa take fara ɗauka.

Don haka ga abin da nake so mu yi. Muna da kujera a majalisar wakilai, ta Gaya da Ajingi da Albasu, muna da sanatan Kano ta Kudu. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wasu, mu tambaye shi a gaban jama'a: za ka tsaya a yi doka da za ta sa iyaka ga shekarun da mutum zai yi a kwantiragi kafin a tabbatar da shi? Za ka tsaya a tilasta wa bankin da ya haɗiye wani ya biya haƙƙin sallama, har da 'yan kwantiragi, kafin a sa masa hannu? Kuma sakatarorin mazaɓu, ina roƙonku, kafin zamanmu na gaba kowa ya rubuto mana sunayen yaran mazaɓarsa da aka sallama daga banki, da shekarar da abin ya faru, da abin da aka biya su in an biya. Da takarda za mu je wurinsu.