Abin da ba a je nema ba

A 2007 masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan sun wallafa sakamakon hoton ƙwaƙwalwar mutum 2,000 da suka ɗauka da na'urar MRI. Ba jinya ce ta kai mutanen ba. Sai ga kusan biyu cikin ɗari da kumburin jijiyar jini a ka, wasu da ƙari, ba su sani ba.

To, a faɗa musu ko a yi shiru?

Faɗar kan ceci rai, takan kuma jefa lafiyayye cikin fargaba da tiyatar da bai buƙata. Shi ya sa a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwayoyin gado ta Amurka ta ware ƙwayoyi 56 da ta ce a riƙa sanarwa idan an ci karo da matsala a cikinsu, tunda akwai matakin ɗauka. Da suka ta yi yawa, a 2014 ta ba mutum damar cewa ba ya son ji.

Gwajin sikila ya fi nauyi. Yaro ya fito SS, maigida kuwa AA, alamar mai yiwuwa ba shi ne uban ba, ga shi zaune da matarsa, takarda na hannun likita. Kuskuren ɗakin gwaji na faruwa, don haka maimaitawa wajibi ce. Amma tun kafin a ɗebi jini ya kamata a tambaye su, da harshen da suke ji, abin da suke so a faɗa musu idan hakan ta taso.